Rumbu Ɗaya Ko Kowa Da Nasa: Tsohuwar Gardama A Kan Kwamfuta

Masana na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, suna da wata gardama wadda ba ta mutuwa, sai dai ta sake suna. Tushenta tambaya ɗaya ce: shin a tara aiki da bayanai a babbar na'ura guda, ko kuwa kowa ya riƙe tasa a bisa teburinsa?

A shekarun 1960 babu zaɓi. Kwamfuta takan cika ɗaki, kuma sai irin su gwamnati da banki da jami'a ke iya mallakarta. Alal misali, System/360 da kamfanin IBM ya fito da ita a 1964, ma'aikata na musamman ne ke tsaronta. Mai bukata ya miƙa aikinsa a jikin katuttuka masu huji, ya koma ya jira. Tun a 1961 John McCarthy ya yi hasashen cewa wata rana za a riƙa biyan aikin kwamfuta kamar yadda ake biyan wayar tarho.

Fitowar Apple II a 1977, da ƙaramar kwamfutar IBM a 1981 wadda manhajar kamfanin Microsoft ke tafiyar da ita, ya juya al'amarin. Akawu ya sami ikon yin lissafinsa ba tare da roƙon kowa ba. Amma 'yancin ya zo da ɗawainiya, domin kowace na'ura tana bukatar gyara da kariya, kuma in ta lalace takan tafi da abin da ke cikinta. Wannan ce hujjar Larry Ellison na kamfanin Oracle, wanda a tsakiyar shekarun 1990 ya yi tallar wata na'ura mai araha da ke ɗebo komai daga cibiya. Ba ta sami kasuwa ba, saboda farashin ƙananan kwamfutoci yana ta faɗuwa, layukan sadarwa kuwa ba su da sauri.

Ra'ayin ya dawo a 2006, lokacin da Amazon ya fara ba da hayar na'urorinsa ta intanet, abin da ake kira "gajimare". Mai nazarin harshe ya kamata ya dubi wannan kalma da kyau. Gajimare ba shi da mai shi, ba shi da ƙofa. Alhali abin da ake nufi manyan gine-gine ne, masu ma'abuta da makullai, a ƙarƙashin dokar ƙasar da suke. Da an ce "rumbun haya", da an fi kusa da gaskiya.

Iyakar ma tsakanin ɓangarorin biyu ta dushe. Ran 19 ga Yuli 2024, wani gyaran manhaja mai kuskure da kamfanin CrowdStrike ya aika ya tsayar da na'urori kimanin miliyan 8.5 masu amfani da Windows, har jiragen sama suka kasa tashi. Na'urorin suna warwatse a ofisoshi da filayen jirgi na ƙasashe da yawa, amma daga wuri ɗaya aka aiko musu da kuskuren.