Yadda Za A Gane Karsana Ƙarama Tana Da Ciki

Ƴan'uwa fatake, sau da dama mukan sayi karsana a kara muna ganin ƙarama ce, ba ta isa bijimi ba, sai an yi nisa da ita a kan hanya a tarar ashe da ciki. A garken Fulani ba a raba manya da ƙanana, bijimi yana tare da kowa dare da rana. Galibin shanunmu, Bunaji, Rahaji, Bokoloji da Azawak, sai sun wuce shekara 3 suke haihuwar fari. Amma wadda ta samu ciyawa da kyau takan ɗauki ciki tun ƙugunta bai gama buɗewa ba, kuma ita ce abin tsoro.

Kafin komai a buɗe bakinta. Haƙoran gaba na ƙasa guda 8 ne. In duk ƙanana ne na nono, ba ta yi famfara ba, to ba ta wuce shekara 2 da wani abu ba. Irin wannan in ta zo haihuwa, maraƙi yakan maƙale, a rasa shi, wani lokaci har da uwar.

Cikin saniya wata 9 ne da ƴan kwanaki, wajen kwana 285. A wata 3 na farko ido ba ya ganin komai, duk wanda ya ce maka ya gani, cinikinsa yake yi. Makiyayi shi ne zai iya cewa ta daina neman bijimi, don wadda ba ta ɗauka ba takan sake nema kusan duk kwana 21. Ko wannan ma ba hujja ba ce da rani, saboda yunwa kaɗai takan hana karsana nema wata da watanni.

Daga wata 4 zuwa 5 hantsa ke fara magana, kuma a karsana ta fi nunawa a kan saniyar da ta taɓa haihuwa. Za ka ga ta ɗan cika, kawunan nono sun miƙe. In aka ɗan matsa, wani ruwa mai kauri da danƙo kamar zuma yakan fito. Sau ɗaya ya isa, kada kowane mai taya ya zo ya matsa, ana buɗe wa cuta ƙofa ne.

Sai ciki kansa, inda aka fi cutar mu. A tsaya bayanta a duba gefen biyu. Hagu wurin tumbi ne. Bisar da aka ba kanwa ta sha ruwa da safen kasuwa, hagunta ne zai kumbura, kuma mun san dillalan da ke wannan aiki. Tsutsar ciki ma takan sa ciki ya yi tulu alhali gashi ya tashi, haƙarƙari a waje. Ɗa yana kwance ne a dama, can ƙasa. Daga wajen wata 6 zuwa 7, dunƙule hannu ka tura kwiɓin dama a hankali, ka ɗan saki ba tare da ka ɗauke hannu ba. In akwai ɗa, za ka ji wani abu mai tauri ya dawo ya bugi hannunka. Wani lokaci in ta sha ruwan sanyi har motsinsa ake gani.

Wanda ke son tabbaci tun da wuri, likitan dabbobi yakan sa hannu ta dubura ya gane ciki daga wajen kwana 45. Kuɗin da zai karɓa bai kai farashin ƙafa ɗaya ta karsanar ba. Amma kada wanda bai koya ba ya gwada, yana iya ɓarar da cikin.

To in an tabbata fa? Shawararmu kada a loda ta. Daga Maigatari ko Illela zuwa Ikko kwana 2 ne ko 3 a cikin tirela, a cunkushe tsakanin manyan bijimai, ba ci ba sha yadda ya kamata. Ko ta yi ɓari a hanya, ko ta faɗi a tattake ta, ko ta isa kwata mahauci ya fede ya tarar da ɗa, kai kuma an biya ka kuɗin nama kawai. Gara a bar ta gida a ware ta, a ba ta dusa, harawa da ruwa isasshe, amma ba a yi mata kiwon turke har ta yi kitse ba, don kitse ma yana wahalar da haihuwa. A kiyayi allurar nan dexamethasone da wasu ke yi wa bisa mai gajiya, tana zubar da ciki in ya tsufa.

In kuwa ɓarin ya auku, kada yaran mota su ɗauki ɗan ko mahaifa da hannu tsirara. Bakkale yana kama mutum ta nan, ya bar shi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. A sa leda a hannu, a haƙa rami mai zurfi a binne, a ware uwar daga sauran shanu har likita ya duba ta.