Wa Yake Biyan Mawaƙi?

Idan kaka ta yi, manoman Ɗandume sukan cika kasuwa da masara da shinkafa da dawa, manyan motoci kuwa su jeru a kan hanyar Funtuwa suna jiran lodi. A gefen kasuwar, kamar yadda yake a Funtuwa da Bakori da Malumfashi, akwai wata sana'a wadda kakanninmu ba su san ta ba. Saurayi ne da kwamfuta a cikin 'yar rumfa. Ka miƙa masa wayarka da 'yan kuɗi kaɗan, shi kuwa ya cika maka ita da waƙoƙi ɗari ko fiye. Ana ce da su masu tura waƙa. A cikin kuɗin nan ko anini ba ya kaiwa hannun wanda ya yi waƙar.

To, mai karatu, ga tambaya. In mai sauraro bai biya mawaƙi ba, wa yake biyansa? Gama mawaƙi yana cin tuwo, yana da iyali, yana kuma biyan mai situdiyo. Lalle akwai mai biya. Wanda ya biya kuwa, sau da yawa shi ne yake faɗin abin da za a rera.

Dattawa sukan ce mawaƙan da ba su damu da kuɗi ba, na yanzu ne abin duniya ya rufe wa ido. Maganar nan ba ta cika daidai ba. Tun fil azal waƙa sana'a ce a ƙasar Hausa. Makaɗan noma sukan bi 'yan gayya gona suna zuga su da ganga, in an yi girbi a ba su dami. Makaɗin fada yakan sami riga da doki. 'Yan dambe da mahauta da maƙera, kowa da makaɗinsa, kowane makaɗi kuma da ubangidansa. Ai sunan maroƙi ma ya isa shaida.

Amma akwai abu guda da ya tsare waƙar wancan zamani. A fili ake yinta, a fili ake biya, wanda ake wa waƙar kuma kowa ya san shi. In makaɗi ya kira rago gwanin noma domin an ba shi dami biyu, gari duka zai yi dariya, gama kowa ya ga ciyawar da ta cinye gonar. Yabo yana da iyaka, jama'a ne kuma suke riƙe da iyakar.

A nan kusa da mu aka yi mutumin da ya fi kowa cin moriyar wannan sana'a, wato Alhaji Mamman Shata. An haife shi a Musawa a 1923. Da ƙuruciyarsa ya yi tallan goro da alewa, mahaifinsa kuwa bai so ya zama mawaƙi ba. Ya zauna a Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtuwa, inda ya yi shekaru masu yawa. Funtuwa garin auduga ce da jirgin ƙasa, saboda haka in an sayar da amfani akwai kuɗi a hannun mutane, akwai kuma masu son a ambaci sunansu.

Shata bai ɓoye cewa waƙa ita ce gonarsa ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji da mata. Ya yi wa gwamnati waƙoƙin faɗakarwa, har kumbon da Amurkawa suka harba zuwa wata a 1969 bai bar shi ba. Ya sami motoci da dawaki da kuɗi. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa. Ba dukan abin da ya rera ne za mu so 'ya'yanmu su haddace ba, wannan gaskiya ce. Akwai kuma waɗanda suka yi masa kyauta domin tsoron zambonsa, ba domin ƙauna ba.

Duk da haka me ya sa har yau, shekaru da yawa bayan rasuwarsa a ran 18 ga Yuni 1999, in aka sa waƙarsa tsoho da yaro sukan yi shiru? A ganina dalili biyu ne. Na fari, abin da ka ji shi ne abin da ya faru. Ba ya rubuta waƙa. Yakan tsaya a gaban jama'a, masu kalangu a bayansa, 'yan amshi suna karɓa, baiti yana fitowa nan take. Na biyu, iyayen gidansa suna da yawa ƙwarai, har ba wanda zai ce shi kaɗai ya mallaki bakinsa. Ko da yake yana da kusanci da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, a Daura ma aka binne shi, bai zama makaɗin fada guda ba. Mai cin abinci a gida ɗari, in gida ɗaya ya rufe ƙofa ba zai kwana da yunwa ba.

Haka kuma Hajiya Barmani Choge, 'yar Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Da ƙwarya ta yi suna, matan biki ne suka riƙe ta, ita kuwa ta yi ta gaya musu su kama sana'a.

Sa'ad da na'ura ta shigo

Ciniki ya fara taɓa jikin waƙa tun zamanin garmaho. Ƙaramin faifai na da, minti uku ko kusa da haka yake ɗauka a kowane gefe. Waƙar da za a kwana ana yi a dandali, tilas a datse ta ta shiga faifai. Kamfanonin Turawa irin su EMI da Decca da Philips suna da ofisoshi a Ikko, su ne suke zaɓen wanda za a ɗauka. Daga 1962 Rediyon Kaduna ya kai muryoyin makaɗa ƙauyukan da ba su taɓa takawa ba.

Sai kaset ya zo. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1975, rikoda ta shiga gidaje da yawa. Kaset yana da sauƙi, yana kuma da wata illa: duk mai rikoda biyu ya zama kamfani. A sayi ɗaya, a kwafi hamsin. Satar fasaha da lalacewar tattalin arziki suka taru, daga baya kamfanonin nan suka sayar da rassansu ga 'yan ƙasa suka tafi. Makaɗi irin Shata bai ji zafin abin sosai ba, gama kaset talla ne a gare shi, abincinsa yana wurin wasa.

Babban canji ya zo da finafinan Hausa na Kano, waɗanda suka fara a 1990. Masu shirya fim suka lura cewa 'yan kallo suna son waƙa da rawa irin ta Indiya. Wajen shekarar 2000 fiyano ta kamfanin Yamaha ta riga ta mamaye situdiyo. Mutum ɗaya da yatsu goma ya maye gurbin makaɗa shida. 'Yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai sukan sayi aiki ɗungum, su ne kuma suke faɗin irin abin da zai sayu. Irin waƙoƙin nan ne mutane suka sa wa suna nanaye.

Kada mu raina su gaba ɗaya. Akwai masu hikima a cikinsu, sun kuma buɗe wa dubban matasa hanyar abinci. Amma an yi hasara. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu kuwa yana bin hawa da saukar murya har ya yi magana, mai kunne ya gane abin da ya ce. Fiyano ba ta magana. Tana maimaita abin da aka ɗora ta a kai ne kawai.

Muryar ma ba ta tsira ba. A 1997 wani kamfani a Amurka ya fito da wata manhajar kwamfuta mai suna Auto-Tune, wadda take miƙe murya in ta karkace. Yanzu da wuya ka sami situdiyon da ba ta. Shi ya sa wani lokaci akan gayyato mawaƙi biki, a sa masa waƙarsa a na'ura, shi kuwa ya riƙe makirfo yana motsa baki. A Turai an taɓa yin babban abin kunya a kan haka. Wasu samari biyu da ake kira Milli Vanilli sun sayar da miliyoyin faifai, har aka ba su lambar Grammy a farkon 1990. Kafin shekarar ta ƙare, mai shirya musu waƙa a Jamus ya tona cewa ba su ne suka rera ba, an ɗauke su ne domin kyan sura da iya rawa. Aka karɓe lambar. A wurinmu kuwa ana yin abin da ya yi kama da wannan kowane mako, ana kuma yin liƙi.

Sabon ubangida

Da waya ta kashe kaset da faifan CD, sai mawaƙin Hausa ya rasa abin sayarwa. Ya rage masa ƙofa uku: biki, siyasa da intanet.

Waƙar biki yanzu kamar ɗinki take. A kawo sunan ango da amarya da na iyaye da ƙawaye, a yi ciniki, a ba da kafin alƙalami, ranar kaza a zo a karɓa. Mawaƙin bai taɓa ganin amaryar ba, amma zai rantse da kyan halinta.

Ta siyasa ta fi kawo kuɗi, ta kuma fi haɗari. Misalinta ma ɗan yankin nan ne, Dauda Kahutu Rarara, mutumin Kahutu ta ƙaramar hukumar Danja. Waƙoƙinsa sun cika ƙasa a zaɓen 2015 da na 2019, yana yabon Muhammadu Buhari. A 2020 ya nemi masoyan shugaban su aiko da naira dubu ɗaiɗai kafin ya saki sabuwar waƙa, mutane da yawa kuwa suka aika. A zaɓen 2023 ya yi wa Bola Tinubu. A watan Maris na shekarar, bayan zaɓen gwamna, wasu suka sa wa gidansa na Kano wuta. A watan Oktoba kuma ya fito a gaban 'yan jarida ya soki mulkin Buharin da ya yi shekaru yana yabo. Ba wanda zai musa cewa yana da basira. Amma manomin da ya aika da dubunsa a 2020, yana da dama ya yi tambaya: wace magana ce ta zuciya, ta da ko ta yanzu?

Intanet ita ce ƙofar da matasa suka fi sa wa rai. Sun ga yadda waƙar Hamisu Breaker, Jarumar Mata, ta bazu a 2020 lokacin kullen annobar korona, mata suna rawa a gida ana ɗauka ana watsawa. Sun ji kamfanin Spotify ya ce ya biya mawaƙan Nijeriya fiye da naira biliyan 58 a 2024. Amma kuɗin nan bin yawan sauraro yake yi, yakan kuma fi kauri in masu sauraron suna ƙasashen da ake biyan kuɗi mai yawa. Waƙar da aka tura daga kwamfuta zuwa waya a Ɗandume ba ta cikin lissafi, ko da gari duka ya haddace ta. A YouTube kuma, kafin a fara raba maka kuɗin talla ta babbar hanya sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Wannan ubangida ba shi da fuska, amma shi ma yana da abin da yake so: waƙa gajera, mai guntun da za a yi rawa da shi, a sake wata kafin a manta da kai.

Kada mu ce abin bai shafi gidajenmu ba. Yaran da suka koyi waƙa a ƙungiyar mawaƙa ta ikilisiya, da matan zumunta masu kiɗan tulu da caki, su ma yanzu suna tara kuɗi su tafi situdiyo a Funtuwa ko Zariya ko Kaduna. Sau da yawa mai situdiyo yakan ce a ajiye tulun, fiyano ta fi shi tsabta. Sai a komo da waƙar da ba ta yi kama da masu ita ba. Panam Percy Paul na Jos ya faɗa a wata hira cewa a 1995 wani kamfanin faifai ya yi masa tayin fam miliyan 24, da sharaɗin ya rage ambaton sunan Yesu a waƙoƙinsa, shi kuwa ya ƙi. Yawancin 'ya'yanmu ba za a taɓa yi musu tayin fam ko ɗaya ba. Nasu gwajin ƙarami ne: wani mai neman kujera ya biya kuɗin situdiyo, sa'an nan ya ce a sa sunansa a baiti na ƙarshe.

Iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta nufi wannan hanya, ku zauna ku yi tambaya kamar yadda kukan yi in za a ba da jinginar gona. Wa zai biya situdiyo? In ya biya, waƙar ta zama tasa ke nan, ko rance ne? Da sunan wa za a sa ta a intanet, asusun wa kuma kuɗin zai shiga? Matasa da yawa sun sayar da waƙa ɗungum a kan kuɗin da bai kai na buhun masara biyu ba.

Doka tana da abin faɗi a nan. Nijeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris 2023, akwai kuma hukumar da take lura da ita. Bisa ga dokar, sayar da haƙƙin waƙa ba ya tabbata sai a rubuce. Wanda ya ƙagi waƙa, haƙƙinta nasa ne muddin ransa, ya kuma zauna a hannun magadansa shekara 70 bayan mutuwarsa, in bai riga ya sayar ba. Muryar da aka ɗauka a situdiyo kuwa haƙƙinta dabam ne, shekara 50 ne, yakan kuma zama na wanda ya ɗauki nauyin ɗaukar. Saboda haka kafin yaro ya sa hannu a kowace takarda, a nemi wanda ya iya karatu sosai ya karanta masa ita da Hausa, a kuma karɓi kwafi ɗaya a ajiye a gida.