Uba da ɗa cikin tsere guda: labarin gidan Hoyt

Akwai wani wasan motsa jiki da Turawa ke kira tiriyatalon, wato tsere uku a haɗe. Ɗan wasa zai fara da iyo cikin ruwa, in ya fito ya hau keke, in ya sauka ya kama gudu da ƙafa, agogo kuwa ba ya tsayawa tsakanin wannan da wancan. Mafi yawan masu yin sa ba sana'arsu ba ce. Ma'aikata ne, da malaman makaranta, da sojoji, da ƴan kasuwa, masu aure da ƴaƴa, waɗanda ba a biyansu ko dala. Saboda haka kowane ɗayansu yana da tambaya guda a gabansa: daga ina za a samo lokacin horo, in ba daga cikin rabon iyali ba? Wani sojan ƙasar Amurka mai suna Dick Hoyt ya shekara 37 yana tsere tare da ɗansa Rick, wanda bai taɓa taka ƙasa da ƙafarsa ba. Labarinsu ya nuna abin da wasan ke kawo wa gida, da kuma abin da yake ɗauke masa.

Asalin wasan da nauyinsa

An yi tseren uku na farko irin na zamani a birnin San Diyego na Amurka, cikin watan Satumba na shekara ta 1974. Mutum 46 suka shiga. A cikinsu akwai wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa da ƴaƴansu biyu. Shi da matar tasa ne suka shirya babban tseren da ake kira Ironman, wato mutumin ƙarfe, a tsibirin Hawai cikin watan Fabrairu na 1978. Mutum 15 suka tashi, 12 suka kai ƙarshe. A shekara ta 2000 wasan ya shiga gasar Olimpik a birnin Sidni, da tsawon da ya fi sauƙi: iyo kilometir ɗaya da rabi, keke kilometir 40, gudu kilometir 10.

Shi Ironman ya wuce haka nesa. Iyo kilometir 3,8 ne cikin teku, keke kilometir 180, sannan gudu kilometir 42. In an tara, kilometir 226 ke nan, kusan tsawon hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, kuma a Hawai wajibi ne a gama cikin awa 17. Wanda ke son shiga yakan yi watanni yana horo, awa 10 zuwa 20 a kowane mako. Ma'aikacin da ke da aikin ofis ba shi da inda zai samu waɗannan awoyi sai da asuba, da maraice bayan an tashi aiki, da ranakun hutu. Waɗannan kuwa su ne lokutan da mata da yara ke ganin maigida. Ga kuma kuɗin keke, da takalma, da kuɗin shiga gasa, da na tafiya, duk daga albashin da ake ci da shi. Shi ya sa gidaje da yawa ke ganin wasa da iyali taura biyu ne, ba su taunuwa tare.

Yaron da aka ce a kai shi gidan ajiya

An haifi Rick Hoyt ran 10 ga watan Janairu na 1962 a jihar Masacusets. Wajen haihuwa cibiya ta naɗe masa wuya, iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa, aka bar shi da shanyewar hannuwa da ƙafafu, kuma ba ya iya magana. Likitoci suka shawarci iyayen su kai shi gidan da ake ajiye naƙasassu, domin a ganinsu yaron ba zai taɓa fahimtar komai ba. Iyayen suka ƙi. Sun lura idanun yaron suna bin su duk inda suka gitta cikin ɗaki, sun tabbata akwai hankali a ciki.

Mahaifiyarsa, Judy Hoyt, ita ta ɗauki babban nauyin. Kullum tana koya masa baƙaƙe, tana liƙa sunan kowane abu a jikinsa cikin gida. In za a je bakin ruwa ko wasa, da shi ake zuwa, kamar ƙannensa biyu maza. A shekara ta 1972 injiniyoyin jami'ar Tufts suka ƙera masa wata na'ura: baƙaƙe suna wucewa a allo, shi kuma yana zaɓen wanda yake so ta hanyar taɓa wani maɓalli da kansa. Iyayen suna zaton kalmarsa ta farko gaisuwa ce gare su. Sai ga shi ya rubuta kirarin ƙungiyar wasan birnin Boston da yake goyon baya. Ranar nan gidan ya gane ashe yaron ya daɗe yana bin labarin wasanni. A shekara ta 1975, yana da shekara 13, aka karɓe shi a makarantar gwamnati.

Kilometir 8 na farko

A cikin shekara ta 1977 Rick ya ji labarin wani ɗan wasa da haɗari ya shanye wa jiki, an kuma shirya gudun kilometir 8 domin tara masa taimako. Ya rubuta wa mahaifinsa cewa yana son su shiga. A lokacin Dick ya kusa shekara 40, hafsa ne a rundunar tsaron ƙasa ta sama, kuma bai saba da dogon gudu ba. Ya tura ɗansa cikin kujerar guragu ta yau da kullum, mai nauyi, har ƙarshe. Su ne na biyun ƙarshe. Da dare Rick ya rubuta masa cewa in suna gudu ba ya jin shi naƙasasshe ne.

Wannan magana ce ta canza tsarin gidan. Dick ya shiga horo kullum. Tun da Rick yana makaranta da rana, sai uban ya riƙa ɗora buhun siminti a cikin kujera yana turawa, domin hannuwansa su saba da nauyi. Daga baya aka ƙera musu kujerar tsere mai taya uku. A farkon shekarun 1980 suka nemi shiga babban gudun Boston mai kilometir 42. Masu shirya gasar ba su san rukunin da za su sa su ba, don haka suka yi gudu a bayan masu kujeru ba tare da lamba ba. Da aka yarda a yi musu rajista, sai aka ce su cika ƙa'idar lokacin samari tsaran Rick, ba ta dattawa tsaran Dick ba. Sun cika ta a shekara ta 1983.

Kwalekwale, keke da kujera

Ganin ƙarfinsa ya sa aka gayyaci Dick tseren uku. Ya ce in ba tare da ɗansa ba, ba za shi ba. Matsalar ita ce bai iya iyo ba, keke kuwa rabonsa da shi tun yana yaro. Ya koyi iyo yana da shekara fiye da 40, har ya koma da zama bakin wani tafki a garin Holland na jiharsu domin ya samu wurin horo. A shekara ta 1985 suka yi tiriyatalon na farko.

Ga yadda suke yi. A ruwa, Rick yana kwance cikin ƙaramin kwalekwalen roba, an ɗaura igiyarsa a jikin uban, uban yana iyo yana jan sa. In sun fito gaci, Dick zai sungumi ɗansa, mai nauyin wajen kilo 50, ya ruga da shi zuwa keke na musamman mai mazauni a gaba. In an gama keke ya sake ɗaukarsa ya sa cikin kujerar tsere, ya tura shi har ƙarshe. Sauran ƴan wasa suna neman rage ko da giram ɗaya daga nauyin kekensu, shi kuwa yana hawan tudu da mutum a gaba. Rick ma yana da nasa aikin: yana jure zafin rana, da iska, da ruwan gishiri, da girgizar hanya na tsawon yini, ba ya iya gyara zama, ba ya iya share fuskarsa.

A shekara ta 1988 suka je Ironman na Hawai, suka kasa gama iyo cikin lokacin da aka yanka. Suka koma a 1989, suka gama cikin awa 14 da minti 26. A 1992 suka ratsa ƙasar Amurka daga yamma zuwa gabas, da keke da gudu, wajen kilometir 6.000 cikin kwana 45. Jimlar gasannin da suka shiga ta wuce 1.100, ciki har da gudun kilometir 42 sau 72, da tseren uku sau 257, shida daga ciki masu tsawon Ironman.

Rabon gida

Dabarar Dick Hoyt ita ce shigar da iyali cikin wasan. Awoyin da wani ɗan wasa zai yi nesa da ɗansa, shi tare da nasa ya yi su. Bai bar aikinsa ba: ya ci gaba da soja har ya kai muƙamin laftanan-kanal, ya yi ritaya a 1995 bayan hidimar fiye da shekara 30. Wasan bai hana Rick karatu ba. A 1993 ya gama jami'ar Boston da digiri a fannin koyar da naƙasassu, ya kuma yi aiki a wani ɗakin bincike inda ake ƙera na'urorin da ke taimaka wa irinsa. Ƙannensa sun sha bin su wurin gasa suna taimakawa da kaya da ɗawainiya.

Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu kallo sun ga uba yana tura ɗa, jaridu da talabijin sun ɗauki hoton mutum biyu. Ba su cika ɗaukar hoton uwar ba, alhali ita ta buɗe wa yaron ƙofar karatu tun kafin a yi tsere ko ɗaya. Judy Hoyt tana cikin iyayen da suka yi fafutukar dokar da jihar Masacusets ta kafa a 1972, wadda ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar yara naƙasassu, ta kuma buɗe wani sansanin hutu inda naƙasassu da masu lafiya ke wasa tare. In babu wannan aiki, da Rick bai samu baƙaƙen da zai roƙi mahaifinsa su shiga gudu ba. Aurenta da Dick ya rabu cikin shekarun 1990, ta rasu a 2010.

Abin da ke tsakanin miji da mata su kaɗai suka san shi. Sai dai lissafin lokaci a fili yake. Gasa fiye da 1.100 cikin shekara 37 na nufin kusan gasa 30 kowace shekara, galibi a ranakun hutu, ban da horon kowace rana. Duk ranar da mutum ya ba hanya, akwai wanda ya riƙe gida a madadinsa. Saboda haka magidancin da ke sha'awar irin wannan wasa, tun kafin ya sayi keke, ya kamata ya zauna da uwargidansa su yi lissafi: awa nawa a mako, kuɗi nawa a wata, wace rana ce ta yara, wace rana ce ita ma za ta samu ta kanta. Wanda ya yi horo da asuba tun gida bai tashi ba, ko ya zaɓi gajeren tsere maimakon dogo lokacin da yara ke ƙanana, ya rage wa iyalinsa nauyi.

Ita ma lafiyar da wasan ke bayarwa riba ce ta iyali. A shekara ta 2003 Dick ya samu bugun zuciya, aka tarar wata jijiyarsa ta kusa toshewa. Likitoci suka shaida masa cewa da ba don ƙarfin jikin da ya tara ba, da ya daɗe da mutuwa. Ke nan ɗan da yake turawa shi ne sanadin tsawon kwanansa.

Ƙarshen hanya

Sun yi niyyar rufe gudun Boston a shekara ta 2013. Cikin watan Afrilu na shekarar aka kafa mutum-mutuminsu na tagulla a garin Hopkinton, inda ake tashin gudun. Ran 15 ga watan bama-bamai biyu suka fashe kusa da wurin ƙarewa, mutum uku suka mutu, aka tsayar da sauran masu gudu. Dick da Rick suna cikin waɗanda aka tsayar, saura kaɗan su isa. Suka dawo a 2014 suka kammala, wanda shi ne karonsu na 32, Dick yana da shekara 73. Bayan nan wani likitan haƙori, abokin gidan, ya karɓi turin kujerar Rick a gudun Boston har zuwa 2019.

Dick Hoyt ya rasu ran 17 ga watan Maris na 2021, yana da shekara 80. Rick ya bi shi ran 22 ga watan Mayu na 2023, yana da shekara 61. A ƙasashe da dama yanzu ana barin masu lafiya su tura naƙasassu cikin manyan gasanni, kuma iyaye da yawa da ke ɓoye irin waɗannan yara cikin ɗaka sun ga misalin da ya ba su ƙwarin gwiwar fito da su. An taɓa tambayar Rick abin da ya fi so ya yi wa mahaifinsa. Ya rubuta da na'urarsa cewa burinsa shi ne uban ya zauna cikin kujera, shi kuma ya tura shi ko da sau ɗaya ne.