Ƙwallon Dabino da Kiran Matashi

[Kiɗan buɗe shiri, a sassauta]

Shirinmu na musamman na yau daga Limawa yake zuwa muku, a nan Dutse, gindin duwatsun da garin ya ci sunansu. Za mu leƙa wurin wasu maƙwabta ne da ba kasafai ake jin muryarsu ba, wato matasa mabiya ɗarikar Katolika, mu ji abin da cocinsu ke gaya musu idan suka rasa inda za su sa gaba.

Amma bari in fara da dabino, tunda Dutse muke.

Kwanakin baya na tarar da wani dattijo a garkarsa, yana zare ƙaya daga wani ɗan dabino da bai wuce ƙugu ba. Na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan yaushe za a ci 'ya'yansa?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, ni kaina ban san ko mace ce ko namiji ba. Ƙwallo na shuka. Sai ranar da ya yi fure." Dabinon da aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekaru kafin ya nuna jinsinsa, kuma a duk tsawon lokacin nan sai an ba shi ruwa, an kare shi daga awaki. Ko ya yi furen ma da sauran aiki, domin sai manomi ya hau ya saka furen namiji a jikin na macen kafin a samu nono mai kyau.

Ku riƙe maganar dattijon nan, za mu dawo mata.

[Sautin babura da hayaniyar titi]

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama garin ma'aikata da baƙi. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya. Ga kuma 'yan bautar ƙasa da ke sauka sansanin Fanisau rukuni-rukuni, wasunsu ba su taɓa tsallako Kogin Kwara ba sai wannan karo. A cikinsu akwai 'yan Katolika, ga 'ya'yan 'yan kasuwa da aka haifa a nan, ga Hausawa Kirista waɗanda Hausa ce harshen addu'arsu. Ba su da yawa a garin da kusan kowa Musulmi ne. Damuwarsu kuwa iri ɗaya ce da ta ɗan maƙwabcinsu mai zuwa Islamiyya: an gama karatu babu aiki, gida ana jiran a kawo, waya kuma kullum tana nuna maka sa'anka ya sayi mota.

Cocin Katolika na Jigawa yana ƙarƙashin Dayosis ɗin Kano ne, wanda Bishop John Namaza Niyiring ke jagoranta tun 2008. Shi ɗan ƙungiyar limaman Agustin ne, kamar wanda ya gada, Bishop Patrick Sheehan, mutumin Ailan. Fafaroma Leo na 14 da aka zaɓa a watan Mayun 2025 ma ɗan wannan ƙungiya ne, ya shugabance ta daga 2001 zuwa 2013, ya kuma sha zuwa Najeriya. Saboda haka matashin Katolika a Dutse ba ya rasa jin labarin Waliyyi Agustin.

Labarin kuwa ba na yaron kirki ba ne. An haife shi a shekara ta 354 a garin da yanzu ake kira Suk Ahras, a ƙasar Aljeriya. Ɗan Afirka ne. Ga kai, ga baki, ga taurin kai. Ya tafi karatu birnin Kartaj, ya haifi ɗa ba aure, ya shiga wata aƙida ya yi kusan shekara tara a ciki, daga baya ya ga ba ta ƙosar da shi ba. Da ya tashi tafiya Rum, yaudarar mahaifiyarsa Monika ya yi, ya bar ta a bakin teku ya shige jirgin ruwa da dare. Baiwar Allah ba ta yi zuciya ba, ta bi shi har Milan. A can aka yi masa baftisma a shekara ta 387, yana da shekara 32. Ya dawo Afirka, ya zama bishop na Hippo, garin Annaba na yau, har ya rasu a 430.

Abin da ya fi kama ni a nan shi ne uwar. Shekara da shekaru tana ban ruwa, ba ta san me zai fito ba. Iyaye mata na Limawa, ko wane addini kuke bi, na san kun gane wannan jira.

[Waƙar mawaƙan coci, daga nesa]

Kalmar da 'yan Katolika ke amfani da ita ita ce "kira". Da yawa in sun ji ta sai su ɗauka ana nufin zama Fada ko Sista. Wasiƙar da Fafaroma Francis ya rubuta wa matasa a 2019, mai suna Christus Vivit, ta faɗaɗa abin: aure kira ne, sana'a ma kira ce. Ta kuma nuna cewa gane kira yana buƙatar mutum ya keɓe ya yi shiru, sannan ya samu babba mai haƙurin sauraro. A ganina wannan na biyun ne ya fi ƙaranci a wurinmu. Masu wa'azi muna da su birjik, a coci da masallaci. Wanda zai zauna da yaro awa guda bai katse shi ba, shi ne ake nema ruwa a jallo.

Shi ya sa ƙungiyoyinsu ke da amfani, CYON ta matasan coci da NFCS ta ɗalibai. Aikin ba wani na a-zo-a-gani ba ne: sharar coci ranar Asabar, koyon waƙa, duba marar lafiya a asibiti, karo-karo idan wani ya rasa kuɗin mota. Wata 'yar bautar ƙasa da aka tura koyarwa wata makarantar firamare ta gaya mini da kuka ta zo Jigawa, tana neman a mayar da ita gida. Katikis ɗinsu, wato mai koyar da addini a cocinsu, ya ce mata, "'Yata, yi wata uku tukuna." Yara sittin ne a ajinta, alli ma sai ta saya da kuɗinta. Na tambaye ta ko ta gano kiran nata. Ta ce, "Yallaɓai, ban sani ba tukuna. Amma ranar da wata yarinya ta karanta sunanta da kanta, ban iya cin abinci ba don murna."

Coci ba ya raba takardar ɗaukar aiki, kuma duk Fadan da ya yi wa matasa alkawarin arziki cikin dare ɗaya ya kauce wa koyarwar da aka ba shi. Shi kansa sai da ya yi shekara takwas ko fiye a makarantar horo kafin a naɗa shi, wasu abokan karatunsa kuma a hanya suka gane nan ba wurinsu ba ne, suka koma suka yi aure.

Jiya da yamma na sake bi ta garkar dattijon nan. Na same shi da jikansa, yaron na riƙe da bokiti. Na ce, "Baba, in kuma namiji ya fito fa?" Ya ce, "To sai me? Maƙwabta za su zo roƙon fure." Ya juya ya ce wa yaron ya zuba ruwan a hankali, kada ya tone saiwa.

[Kiɗan rufe shiri]

Daga Limawa, a nan Dutse, sai mun sake saduwa. A huta lafiya.