Kitso da kwarkwata a gindin jirgin ruwa

A watan Mayun 2015, ina tsakiyar karatun digirin digirgir a fannin kimiyyar ƙarafa a Southampton da ke kudancin Ingila, wani abokin aikina Bature ya roƙe ni in raka shi bakin kogin Hamble in duba masa jirginsa. Ƙaramin jirgi ne mai filafilai, wato irin wanda iska ke korawa, tsawonsa bai wuce mita tara ba, kuma ya girmi wasu ɗalibanmu. An fitar da shi daga ruwa ya yi hunturu a tudu. Niyyar mutumin ya kankare tsatsar da ta feso a gindin jirgin, ya shafa fenti, sannan ya ɗauki matarsa da 'ya'yansu biyu su tsallaka teku zuwa Cherbourg ta Faransa, tafiyar yini guda cur. Ni kuwa mutumin tudu ne, ban taɓa hawa abin da ya wuce kwalekwale ba. Ƙarfe kawai na sani.

Jirage irin wannan suna da wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi da ke rataye a ƙarƙashinsu. Turawa na ce masa "kil", amma tunda siffarsa ta ƙegen kifi ce, zan kira shi ƙege. Da ƙarfen zubi ko dalma ake yin sa, kuma yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin, ko ma fiye. Idan iska ta cika filafilai ta karkata jirgi, nauyin ƙegen ne ke dawo da shi tsaye. Ranar da ƙegen ya ɓalle, jirgin kifewa yake yi nan take, sau da yawa kafin mutanen ciki su kai hannu kan rediyo. Abin da ke riƙe da wannan nauyi duka wasu ƙusoshi ne masu noti, a ƙaramin jirgi da wuya su wuce goma, waɗanda suka huda ƙasan jirgin suka nutse cikin ƙegen.

A lokacin maganar ƙege na bakin kowa a wannan gaɓa. Shekara guda kafin nan, a watan Mayun 2014, wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki ya taso daga tsibirin Antigua zai dawo Southampton da mutum huɗu. Suka aiko da saƙo cewa ruwa na shigo musu, washegari aka daina jin ɗuriyarsu. Da aka gano jirgin a tekun Atilantika, a kife yake, babu ƙege, kwalekwalen ceto na nan inda ake ajiye shi, ba a ko taɓa shi ba. Ba a samu gawar ko ɗaya ba. Rahoton hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya, wanda ya fito a Afrilun 2015, ya nuna cewa jirgin ya sha dukan ƙasa a baya, kuma mai yiwuwa haƙarƙarin da ke ƙarfafa cikinsa ya rabu da jikinsa ba tare da ido ya gani ba.

Duk da haka, abin da ya tsone wa abokina ido shi ne jajayen tabon da suka ɓata masa fenti. Na sa guduma na ƙwanƙwasa su, ɓawon ya zube, ƙarfen ƙasansa ya amsa da ƙara mai kyau. Wannan tsatsa muni gare ta, amma ba ta kisa. Ƙarfen zubi mai kauri haka zai shekara da shekaru yana tsatsa bai rasa abin a zo a gani ba. Maganinta sananne ne. A gurza har sai farin ƙarfe ya bayyana, a wanke da ruwan daɗi domin gishiri na maƙalewa a ramukan zubi, a busar, a shafa ifoksi tun a ranar. Wanda ya gurza yau ya ce sai gobe zai shafa, raɓar dare ta riga ta mayar masa da aiki baya. Bayan shafe huɗu ko biyar sai a cike ramuka, a bi da fentin da ke hana halittun ruwa mannewa.

Abin da ya tsayar da ni wani siririn layi ne a mahaɗar ƙegen da jikin jirgin. Tsaga a wannan wuri ba lallai ta zama matsala ba, domin jikin jirgin na faiba ne mai ɗan lanƙwasuwa, ƙegen kuwa ba ya lanƙwasa, don haka fenti kan tsage a tsakaninsu. Amma wannan tsagar tana tsattsafo da ruwa mai launin goro, alhali jirgin ya yi wata shida a tudu. Ruwan da ke fita bayan wata shida yana da ɗakin kwana a ciki. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na tambaye shi ko jirgin ya taɓa dukan ƙasa. Ya ɗan yi jim, ya ce bara ya hau tudun yashin Bramble da ke tsakiyar mashigin Solent, amma a hankali ne. Kowane mai jirgi a hankali yake dukan ƙasa, kamar yadda kowane direba a hankali yake faɗawa rami. Idan ƙasan ƙege ya daki wani abu jirgi na tafiya, gabansa kan fizgo ƙasa, bayansa ya tokari cikin jirgin zuwa sama. Saboda haka ɓarnar takan ɓuya a ciki, ta baya. Muka ɗaga katakan daɓe, na bi haƙarƙarin jirgin da ƙaramar guduma ina saurare, domin inda ya rabu yakan yi ƙarar ƙwarya. Muka yi sa'a, ko'ina ya amsa lafiya. Notocin ma suna ta ƙyalli kamar yau aka ɗaura su.

Wannan ƙyallin ne ya kusa raba mu. Ƙusoshin na sitenles ne, ƙarfen da jama'a suka yarda ba ya tsatsa. Gaskiyar ita ce sinadarin kuromiyam da ke cikinsa yana haɗuwa da iskar oksijin ya yi masa wata siririyar riga mai kare shi. Idan ruwan gishiri ya kwanta a matsatsin da iska ba ta kaiwa, rigar takan mutu, gishiri ya yi ta cin ƙarfen a ɓoye, kan ƙusar kuwa da ke shan iska yana nan fes. Na ce masa a zare ƙusa ɗaya a gani. Ya ce mai yi masa gyara ya ce a kwakule tsagar a cusa danƙo, aikin awa biyu ne, kuma ya riga ya biya kuɗin mayar da jirgi ruwa ranar Juma'a. Na ce masa a garinmu wannan shi ake kira kitso da kwarkwata. Na ɗauki lokaci ina fassara masa, bai yi dariya ba.

Ban ga laifinsa ba. Fenti abu ne da mutum ke biya ya ga abin da ya saya. Bincike kuwa, in an yi sa'a ka biya kuɗi a ce maka babu komai, in ba a yi ba a ninka maka kashe kuɗi. Na sha ganin wannan lissafi bayan na dawo gida, a wurin masu gine-ginen da rodi ya yi tsatsa a cikin dakinsu. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ba-ninki, ita ce ke kumbura ta fasa kankare, maigida kuma ya kira mai filasta ya shafe.

Wani dattijon ma'aikacin wurin ne ya raba gardamar, ba da ilimina ba. Ya sa aka ɗaga jirgin da injin ɗaga kaya har ƙegen ya bar ƙasa, ya kama ƙarshensa ya jijjiga. Tsagar ta buɗe kaɗan, da aka sauke ta rufe ta tofo ruwa. Abokina ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce a kawo sifana.

Ƙusa ta biyu daga baya muka zare. Kaurinta milimita 24 ne a sama da ƙasa, amma daidai inda ta ratsa mahaɗar ta rame ta koma kamar ɗan yatsana ƙarami, duk ramuka kamar gara ta ci. Daga nan babu sauran magana. Aka sauke ƙegen gaba ɗaya, aka samu uku cikin takwas sun ciwu. Aka goge fuskokin biyu, aka sa sababbin ƙusoshi da faffaɗan washa, aka shimfiɗa danƙo mai taushi wanda zai bi motsin jirgi ba tare da ya tsage ba, aka ɗaure notocin da sifana mai awo. Aikin ya cinye masa rabin lokacin zafi da kuɗin hutun shekarar, matarsa kuma, kamar yadda ya gaya mini, ta daɗe ba ta son jin sunana.

Sai a shekara ta gaba suka tsallaka Faransa. Ya gayyace ni, na ce masa in dai ruwan da ba a hango gaɓarsa ne, a kai kasuwa. Ƙusar kawai na roƙa, ya ba ni. Tana cikin aljihun teburina, kuma duk shekara nakan miƙa wa 'yan aji uku ita a naɗe da ƙyalle, kan notin kawai a waje, in ce su rubuta mini ko za su yarda a ci gaba da amfani da ita. Bana mutum biyu ne suka nemi a kwance ƙyallen tukuna.