Saita Injin Mota da Manhaja: Abin da Waya Ke Iya Yi, da Inda Laftof Ke Karɓa

A zamanin kabireta, makaniki da sukurdireba da kunnensa sun isa su saita injin a-kori-kura. Yanzu da injekta ta maye gurbinta, ƙaramar kwamfuta da ake kira ECU, wato ƙwaƙwalwar mota, ita ke yanke yawan man da za a fesa wa injin da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Duk mai son canza halin injinsa dole ya bi ta kanta.

A Amurka wannan ya daɗe da zama abin sha'awa ga masu motoci. Masu tsofaffin a-kori-kurar Chevrolet da GMC na shekarun 1987 zuwa 1995 sukan zare guntun ma'ajiyar da ke cikin ECU, su karanta abin da ke ciki da manhaja irin su TunerPro, su canza lambobi, su rubuta sabo su mayar. Motocin da suka biyo baya ba sa buƙatar buɗe komai: ana rubuta musu sabon saiti ta waya ɗaya da aka jona da laftof, da kayan kamfanoni irin su HP Tuners da EFILive.

Ƙofar da ke ƙarƙashin sitiyari

Tun daga 1996 doka ta wajabta wa ƙananan motoci da a-kori-kura da ake sayarwa a Amurka su zo da soket mai ramuka 16 da ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Shi ya sa yawancin motocin Kwatano da ke yawo a titunan Kano da Maraɗi suna da shi, galibi a ƙasan sitiyari.

Da ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhaja kamar Torque ko Car Scanner, wayar hannu na iya nuna gudun juyawar injin, zafin ruwansa, yawan iskar da yake shaƙa, da lambar matsalar da ta kunna fitilar gargaɗi. Misali, P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, P0300 kuma injin na tsallake wuta. Sai dai a nan iyakar wayar take: tana karantawa, tana goge lambar matsala, amma irin wannan na'urar ba ta sake rubuta saitin injin.

Abin da ake canzawa

Cikin ECU akwai jadawalai masu kama da na Excel. Gefe ɗaya gudun injin ne, ɗaya gefen nauyin aikin da yake yi, kowane akwati kuma yana ɗauke da lambar da ke faɗin yawan mai ko lokacin wuta a wannan yanayin. Injin fetur yana ƙone mai tas idan an haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai bisa nauyi. Idan an taka totur sosai, ana ƙara mai zuwa wajen 12.5 domin ƙarfi da kuma rage zafi.

Haɗarin yana nan. Idan aka rage mai fiye da kima lokacin da mota ke ɗauke da kaya tana hawan tudu, ko aka gaggauta wutar fulogi, man zai riƙa fashewa ba bisa tsari ba, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan na iya huda fistin cikin ɗan lokaci. Saitin da aka kwafo daga intanet, wanda aka tsara don fetur mai inganci da yanayi mai sanyi, yana iya zama guba ga mota mai aiki a zafin watan Afrilu.

Tsarin masu ƙwarewa

Waɗanda suka iya aikin sun fi ɓata lokaci wajen karatu a kan rubutu. Sukan fara da naɗar bayanan injin yayin tuƙi, su duba lambar da ke nuna yawan gyaran da ECU ke yi wa mai da kanta. Idan ta wuce kashi 10 cikin 100, yawanci akwai matsala ta zahiri: tiyon iska ya tsage, sensa ta yi datti, ko famfon mai ya gaji. Manhaja ba ta gyara irin wannan, sai dai ta ɓoye ta.

Bayan an tabbatar injin lafiya yake, sai a adana kwafin saitin kamfani a wuri biyu kafin a taɓa komai. A sa sensar iskar oksijin mai faɗin awo a salansa, domin ta kamfani a yawancin tsofaffin motoci tana aiki ne kawai kusa da 14.7. A canza abu ɗaya, kaɗan, a gwada, a sake naɗa. Lokacin rubuta wa ECU kuma dole batirin mota da na laftof su kasance cike, domin katsewar wuta a tsakiya na iya mayar da ita dutse.

Mai son koyo ba tare da jefa motar neman abincinsa cikin haɗari ba yana da zaɓi. MegaSquirt, wadda Bruce Bowling da Al Grippo suka ƙirƙiro, da Speeduino da aka gina a kan allon Arduino, ECU ne da mutum ke harhaɗawa da kansa ya gwada a tsohon inji, duka kuma ana saita su da manhajar TunerStudio.

Batun rage shan mai

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, duk wata dabarar rage shan mai na samun kasuwa. Gaskiyar ita ce injiniyoyin kamfani sun riga sun matse mai a tafiyar yau da kullum, abin da ya rage a samu ta hanyar saiti kaɗan ne. Ƙananan na'urorin da ake cusawa a soket ɗin da alƙawarin rage mai kuwa, kamfanin tsaron kwamfuta na Faransa, Quarkslab, ya buɗe ɗaya mai suna Nitro OBD2 a 2017, ya gano fitilunta kawai ke ƙyalƙyali, ba ta aika wa injin komai.

Akwai kuma doka. A Amurka haramun ne kashe na'urorin rage hayaƙi ta manhaja, kuma a ƙarshen 2023 kamfanin Cummins ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 kan injinan a-kori-kurar Ram. Sabuwar mota ma na iya rasa garantinta.

Ga matashi mai waya, riba mafi kusa tana wajen karatu. Wanda ya iya gane cewa mutuwar sensa ɗaya ce ke sa mota zuƙar mai zai ceci kuɗin da saiti ba zai ceta ba, kuma sana'a ce da garejoji ke ƙara buƙata yayin da motocin kabireta ke ƙarewa.