A Daina Hura Gawayi Da Leda, Ga Mafita A Cikin Gida



Yau maganar hura wuta za mu yi. Tunda kananzir ya yi tsada, gidaje da yawa leda ake kunnawa a ɗiɗɗiga kan gawayi. To wannan baƙin hayaƙin guba ne fa, kuma iyayenmu mata da jariran da ke goye a bayansu su ke shaƙarsa kullum. Wasu ma fetur suke watsawa, alhali tururinsa kaɗai kan tayar da gobara.

Ga abin da za ku nema: kiret ɗin ƙwai na kwali, garin katako daga wurin kafinta, da guntayen kyandir. In babu garin katako, busasshen ɓawon gyaɗa ma ya yi. Amma ban da katakon da aka yi wa fenti.

Ku cika ramukan kiret ɗin da garin. Sai ku zuba kyandir a gwangwani, ku tsoma gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi har ya narke. Kar a ɗora shi kai tsaye kan wuta, zai iya kamawa. Ku tsiyaya kan garin, in ya daskare ku yayyanka.

Sirrin shi ne, kwalin ke kamawa da ashana, kyandir ɗin kuma ya riƙe wutar na 'yan mintuna har gawayi ya ruru. Ɗaya ya isa girki guda.

Matasa, ku haɗa wa Mama nata a wannan makon. Sai mun haɗu a shiri na gaba.